Yadda ake zaɓen tirelar ɗaukar doki

1. Fara da motar da za ta ja ta. Duba littafin motar ka ga iyakar nauyin da take ja. Haɗa nauyin tirelar da na dawaki, kowanne ka sa masa kilo 400 zuwa 500, ka ƙara sirdi, harawa da ruwa. In lissafi ya zarce iyakar, haƙura da tirelar.

2. Auna tsayin cikinta. Kada ya gaza mita 2.1, don doki ya ɗaga kai ba tare da ya bugi rufi ba.

3. Ƙasan tirela, nan ne ake cutar mai saye, musamman in ta hannu ce. Ɗaga shimfiɗar roba gaba ɗaya, ka soki katakon da sukudireba a kusurwoyi. In ya nutse, ya ruɓe. Fitsarin doki yana cin katako, yana cin alminiyom ma. Kwanta ka leƙa ƙarafan ƙasa ko sun yi tsatsa. Sabon fenti kada ya ruɗe ka. Ni har zargi yake sa ni.

4. Karanta shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tirela mai taya huɗu ta fi zama daram a hanya. Gwada birki da fitilu.

5. Tagogi su wadata. Tafiyar Kano zuwa Katsina a zafin Afrilu ba wasa ba ce ga dabba.

6. Kafin ka biya, kawo dokinka ya hau ya sauka, sannan ka karɓi takardu.