Yadda 'Yan Kasuwar Unguwa Za Su Tara Kuɗin Shara da Gadi Tsarin Ya Ɗore

A yawancin layukan shaguna na unguwanninmu, ba a tuna da maganar gadi sai an wayi gari an ga an fasa shagon wani, kuma ba a tuna da maganar kwata sai damina ta faɗi ruwa ya shiga cikin kaya. Daga nan sai a kira taro, a yanka wa kowa kuɗi cikin zafin rai, a ɗauki masu gadi da masu shara. Bayan 'yan watanni sai wasu su fara ja da baya, waɗanda ke biya su ga cewa su kaɗai ke ɗauke da nauyin kowa, albashi ya fara makara, ma'aikatan su watse. Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri shi ne an fara shi daga tambayar nawa kowa zai bayar, alhali kamata ya yi a fara daga tantance aikin da ake so, da kuɗin da zai ci, da ƙa'idar rabon da kowa ya amince da ita a rubuce.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙarshen shekarun 1960, 'yan kasuwar wani yanki na birnin Toronto a ƙasar Kanada, wanda ake kira Bloor West Village, sun ga ciniki yana guje musu zuwa manyan kantunan bayan gari, suka yi ta karo-karo don gyara layinsu, amma kullum wasu ke biya, wasu kuma su ci moriyar a banza. Sai suka nemi hukumar birni ta riƙa karɓar kuɗin daga kowane mai kasuwanci a yankin tare da haraji, sannan ta miƙa wa kwamitinsu ya kashe. Lardin Ontario ya gyara dokarsa, aka kafa tsarin a 1970, kuma daga can ya bazu zuwa Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu, inda tsakiyar birnin Cape Town ta kafa nata a shekarar 2000 musamman don tsaro da tsafta. Ƙungiyar 'yan kasuwa a Najeriya ba ta da irin wannan ikon tilasta wa mutum biya kamar haraji, don haka ba za a kwafo tsarin yadda yake ba, amma akwai ƙa'idoji a cikinsa da suka dace da mu ƙwarai.

Abu na farko shi ne a shata iyaka. A fayyace daga wace kwana zuwa wace kwana ne yankin ya kama, sannan a bi shago-shago a rubuta sunan mai shi, da irin sana'arsa, da girman wurin, da ko shi ne mamallaki ko ɗan haya. A saka 'yan tebur da masu rumfa da masu shayi da masu gyaran waya a cikin rajistar, domin su ma suna tara shara kuma su ma suna barin kaya a wurin da dare. Shawarata ita ce a fara da yanki ƙarami wanda mai gadi zai iya zagaye shi da ƙafa ba tare da ya galabaita ba, domin idan aka faɗaɗa iyaka fiye da kima, waɗanda ke can ƙarshen layi za su ce ba sa ganin mai shara kuma ba sa jin usur, kuma gaskiya za su faɗa.

Kafin a karɓi ko kwabo, a je a gano abin da hukuma ke yi a yankin a halin yanzu, kuma a rubuta shi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, kuma su ne ke karɓar kuɗin shaguna da na kasuwa. Wasu jihohin suna da hukumarsu ta musamman, kamar hukumar kwashe shara ta REMASAB a Kano. Saboda haka kuɗin da 'yan kasuwa za su tara na ƙari ne a kan wannan haƙƙi da suka riga suka biya. A Ingila ana rubuta yarjejeniya tsakanin kwamitin 'yan kasuwa da hukumar yanki wadda ke nuna ayyukan da hukuma za ta ci gaba da yi, don kada ta ga an samu masu biya ta zame jikinta. Mu ma ya kamata wakilan layi su kai takarda sashen kula da tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, su nemi a sanar da su ranakun da motar shara ke zuwa da wurin da aka amince a tara bola, sannan su kai wata takardar ga DPO na yankin su sanar da shi shirin gadin. Ko da amsar da aka samu ba ta gamsar ba, kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa yana da amfani ranar da rigima ta taso.

Daga nan sai kasafi, kuma a nan ne ya kamata a zauna a natsu. Ga misali na lissafi kawai, wanda kowane layi zai musanya alƙalumansa da farashin garinsa. A ce layi yana da shaguna 120, kuma an yanke shawarar ɗaukar masu gadi 6 a kan naira 70,000 kowannensu a wata, wato naira 420,000. An zaɓi adadin naira 70,000 ne saboda shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun daga 2024, kuma ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, mutumin da aka bar wa dukiyar miliyoyin naira ya kwana da ita bai kamata a bar shi da yunwa ba. A ƙara masu shara 4 na aikin safiya a kan naira 40,000, wato naira 160,000, da naira 100,000 na kwashe bola zuwa inda hukuma ta tanada, da naira 50,000 na kayan aiki irin su tsintsiya da shebur da manjagara da baro da safar hannu da tocila da usur. Jimilla ta kama naira 730,000. A ɗora kashi 10 cikin 100 na ajiya saboda yashe kwata kafin damina da rashin lafiyar ma'aikaci da sauran abin da ba a zata ba, sai ta zama naira 803,000 a wata.

Raba wannan kuɗi daidai-wa-daida a kan kowa shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne ya fi saurin haddasa ƙorafi, domin mai teburin goro ba zai yarda ya biya abin da mai sayar da buhunan shinkafa a shago mai ƙofa uku ke biya ba. Abin da ya fi shi ne a kasa shaguna aji uku, a ba kowane aji kaso. Idan manyan shaguna 20 ne kuma kowanne ya ɗauki kaso 3, matsakaita 60 kowanne kaso 2, ƙanana 40 kowanne kaso 1, jimillar kaso ta zama 220, kowane kaso kuma ya kama naira 3,650. Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa kowa zai biya a kan lokaci, abin da ba ya faruwa a ko'ina. Idan kashi 80 cikin 100 kaɗai aka samu, abin da zai shigo naira 642,400 ne, wanda bai kai kuɗin ayyukan ba balle ajiya. Don haka a raba kasafin a kan kaso 176 maimakon 220, sai kowane kaso ya tashi kusan naira 4,600, wanda ga ƙaramin shago bai kai naira 200 a ranar kasuwanci ba. Idan biyan ya fi yadda aka zata, rarar ta tafi asusun ajiya, ko a rage kuɗin a shekara mai zuwa. Wajen tantance aji, a duba abin da ido ke iya gani, kamar faɗin shago da yawan ƙofofi da yawan sharar da sana'ar ke fitarwa. Kada a shiga tambayar cinikin mutum, domin babu ɗan kasuwar da zai faɗi gaskiyar abin da yake samu a gaban maƙwabtansa.

Akwai kuma tambayar wanda zai biya tsakanin mai gini da ɗan haya. Ɗan haya ne ke cin moriyar gadi da shara kullum, don haka kuɗin wata-wata nasa ne. Amma abin da zai daɗe a wurin ya ƙara wa ginin daraja, kamar ƙofar ƙarfe a bakin layi ko fitilun sola ko gyaran lambatu, ya dace masu gine-gine su ɗauki kaso mafi tsoka a cikinsa, kuma a tara shi daban a matsayin gudummawa ta lokaci ɗaya.

Tunda babu dokar da za ta tilasta, ƙarfin tsarin yana cikin yardar da aka samu tun farko. A Ingila, a ƙarƙashin dokar 2003, ba a kafa irin wannan shiri sai an kaɗa ƙuri'a an samu rinjaye iri biyu, wato rinjayen yawan masu ƙuri'a da kuma rinjayen darajar wuraren kasuwancinsu, kuma wa'adinsa ba ya wuce shekara biyar sai an sake ƙuri'a. Hikimar ita ce kada ƙanana su taru su ɗora wa manya nauyi, kada kuma manya 'yan kaɗan su yanke wa kowa hukunci. A layinmu za a iya yin haka ta hanyar neman amincewar mafi yawan shaguna da kuma mafi yawan kaso, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban Mai Unguwa da Sarkin Kasuwa inda akwai shi. A ganina bai kamata a fara da rinjaye maras ƙarfi ba. Idan ba a samu kusan kashi uku cikin huɗu ba, gara a rage girman shirin a sake zagayawa. Wa'adin farko kuma ya zama shekara ɗaya.

Maganar riƙon kuɗi ba ta son kunya. Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa da girmansa. A yi wa ƙungiyar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, domin da wannan takarda ce banki zai buɗe asusu da sunan ƙungiya. A sa mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Wanda ke karɓar kuɗi ya bambanta da wanda ke riƙe da littafi, kowane biya kuma a ba da rasit mai lamba. Ƙananan 'yan kasuwa sun fi jin sauƙin biya kullum ko mako-mako kamar adashi, manya kuma su tura ta banki a farkon wata. A ƙarshen kowane wata a liƙa takardar shiga da fita a wurin da kowa ke wucewa, a kuma tura hotonta a zauren WhatsApp na layin, tare da jerin shagunan da suka biya. Sau da yawa rashin ganin suna a wannan jeri ya fi kowace barazana tasiri.

Wajen ɗaukar masu gadi akwai hanya biyu. Za a iya ba kamfanin tsaro kwangila, kuma idan haka ne a nemi ganin lasisinsa, domin hukumar Sibil Difens ce ke kula da irin waɗannan kamfanoni, kuma dokar 1986 da ta shafe su ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. Kamfani ya fi tsada, amma shi ke da alhakin kawo madadin wanda bai zo ba. Ko kuma a ɗauki 'yan sintiri na unguwa kai-tsaye, waɗanda suka san lungu da saƙo da fuskokin mutane. A nan wajibi ne kowane ɗaya ya kawo mai tsaya masa wanda aka sani, a ajiye hotonsa da adireshinsa, a kuma gabatar da shi ga Mai Unguwa da ofishin 'yan sanda. A rubuta musu ƙarara cewa wanda aka kama da laifi a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, babu duka, babu tsarewa a shago, domin ƙungiyar da ta ɗauke su aiki ita ma za ta iya shiga cikin shari'ar. A kuma koya musu lura da gobara, wadda ta fi ɓarawo ɓarna a kasuwanninmu, kamar yadda aka gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 lokacin da dubban shaguna suka ƙone. Mai gadin da ke duba wayoyin lantarki da janareto da murhun masu abinci bayan an tashi, kuma yake da lambar 'yan kwana-kwana a wayarsa, ya cancanci albashinsa ko da bai taɓa kama kowa ba.

Aikin shara ya fi sauƙin dubawa, tunda ido ne alƙali. A gama shara kafin a buɗe shaguna, a raba wa kowane mai shara yankinsa, kuma a tabbatar cewa wanda ke kwashe bola yana kai ta inda aka amince, kada a wayi gari ta koma cikin kwatar layin baya. Leda ce babbar mai toshe magudanar ruwa, don haka ajiye kwandon shara a gaban kowane rukunin shaguna yana rage wa masu shara aiki, ya kuma rage kuɗin yasa.

Saura waɗanda za su ƙi biya, kuma tabbas za a same su. Ƙungiya ba ta da hurumin kulle shagon mutum ko ƙwace kayansa, kuma yin haka yana iya kai shugabanninta gaban alƙali. Abin da take da shi shi ne matakan da aka rubuta a kundinta tun farko: tunatarwa a asirce, sannan ziyarar dattawan layi biyu, sannan kai magana gaban Sarkin Kasuwa ko Mai Unguwa, sannan cire mutum daga wasu amfanonin ƙungiya kamar tallafin da ake yi wa wanda asara ta faɗa wa. A bambanta wanda ya gaza da wanda ya ƙi. Mai fama da karayar jari a ɗaga masa ƙafa na wasu watanni a rubuce. Hanya mafi inganci kuwa ita ce a shawo kan masu gine-gine su saka kuɗin shara da gadi a cikin yarjejeniyar haya, ta yadda duk sabon ɗan hayar da zai shigo layin zai tarar da sharaɗin kafin ya karɓi makulli.