Yadda Za Ka Auna Bincike kan Sinadaran Jiki Masu Adawa da Mofin

Idan ka ci karo da rahoton bincike a kan peftayid (gajerun sarƙoƙin furotin da jiki ke ƙerawa da kansa) masu adawa da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, da danginsa, fara duba a kan wa aka yi gwajin. Yawancin abin da aka sani game da NPFF, ɗaya daga cikin waɗannan peftayid, wanda aka fara tsamowa daga ƙwaƙwalwar shanu a 1985, daga ɓeraye ya fito: an ɗura shi a ƙwaƙwalwar ɓeran da ya saba da mofin, sai ya kama makyarkyata da kaɗa haƙora kamar wanda aka yanke wa ƙwaya. Shaida ce mai nauyi, amma ɓera ba mutum ba ne.

Sannan ka duba ko masu binciken sun toshe aikin sinadarin, domin in alamomin sun ragu bayan toshewar, hujjar ta fi ƙarfi. Da wannan ma'auni za ka auna bincike kan wasu peftayid irin wannan, kamar CCK da kuma nosiseptin, wanda aka gano a 1995.

Mai fama da tiramadol, wanda ke cikin dangin mofin, kuwa kada ya jira sakamakon waɗannan gwaje-gwaje. Ya je wurin likita a rage masa sannu a hankali, domin yankewa farat ɗaya kan jawo zufa, gudawa da rashin barci.