Darasi na Bakwai: Zaɓen Yanayin Tuƙi Gwargwadon Hanya

Yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu suna zuwa da maɓalli, ko wani ɗan abin murɗawa, kusa da sandar giya. A jikinsa za ka ga an rubuta ECO, NORMAL da SPORT. A wasu akwai ƙarin SNOW, SAND da MUD. Motocin shiga daji kuma suna da 2H, 4H da 4L. Wani direban yakan yi shekaru da mota bai taɓa kai hannu wurin ba. Wani kuma yakan danna duk wanda ya ga dama. Na farkon yana kafewa a inda bai kamata ya kafe ba, na biyun kuwa kansa yake jawo wa zaman gareji.

Me maɓallin yake canzawa?

A cikin motar zamani akwai ƙaramar kwamfuta. Idan ka taka totur, saƙo ƙafarka take aika mata. Ita ce take yanke yawan man da inji zai sha, da lokacin da giya za ta canza. Maɓallin yana gaya mata yadda za ta amsa takun ƙafarka ne, a hankali ko da zafi. A wasu motocin yana ƙara wa sitiyari nauyi ko ya sassauta shi.

Ka riƙe wannan da kyau, don a kansa aka gina darasin duka: babu maɓallin da yake ƙara wa taya ƙarfin kama ƙasa. Inda kowace taya take taɓa hanya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan tayar ta cinye, ko gudu ya yi yawa, duk abin da ka danna ba zai cece ka ba. Saboda haka hanya ake fara dubawa, a rage gudu, sannan a zaɓi yanayi tun kafin a shiga wuri mai wuya.

A kan busasshiyar kwalta

NORMAL shi ne na yau da kullum. Idan kana shakka, bar ta a nan.

ECO yana sa mota ta rage zafin tashi, ta shiga babbar giya, wato mai babbar lamba, da wuri, ta kuma rage ƙarfin na'urar sanyi. Yana da amfani a cunkoson gari da doguwar hanya miƙaƙƙiya. Amma kada ka bar shi a kunne idan za ka wuce babbar mota, ko za ka hau tudu da kaya. A nan kana son mota ta amsa nan take, shi kuwa jan ƙafa yake sa ta yi.

SPORT yana riƙe ƙaramar giya ya daɗe, inji ya ɗaga murya, motar ta zabura da ɗan taku kaɗan. A yawancin motoci bai ƙara wa inji ƙarfi ba, saurin amsawa kawai ya ƙara, kuma mai yake sha. Yi amfani da shi wajen wuce mota, ka mayar da shi idan ka gama.

Ruwa da santsi

Ruwan farko bayan dogon fari ya fi kowanne haɗari, domin yana tayar da ƙura da baƙin man da suka kwanta a kan kwalta. A jiƙaƙƙiyar hanya, nisan da mota take buƙata kafin ta tsaya yakan ninka sau biyu. Kashe SPORT. Kashe na'urar da take riƙe gudu da kanta. Idan motarka tana da SNOW ko WET, danna shi. Don ƙanƙara aka yi SNOW, amma yana aiki a kowane irin santsi: yana tausasa totur, a motoci da yawa kuma yana sa mota ta tashi da giya ta biyu don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Dubi allon da ke gabanka. Akwai wata fitila mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Idan tana ƙyaftawa, na'urar hana zamewa ce take aiki, tana kama wa tayar da ta zame birki tana rage wa inji wuta. Gargaɗi ne gare ka cewa gudunka ya fi ƙarfin hanyar. Wannan na'ura ta ceci rayuka da yawa, har aka wajabta ta a sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014. A kan kwalta kada ka kashe ta.

Ruwan da yake gudu ya yanke hanya kuwa, ba shi da maɓalli. Zurfin santimita 30 ya isa ya ɗauke ƙaramar mota. Tsaya ka jira, ko ka juya.

Yashi da laka

A nan ne direbobi suka fi yin kuskure, kuma dalilin yana da sauƙin ganewa. Na'urar nan da ta taimake ka a kan kwalta, a cikin yashi ita ce take kayar da kai. Da ta ji taya tana juyawa fiye da kima sai ta yanke wuta. Motar ta rage gudu, ta yi nauyi, ta nutse. Yashi kuwa yana son mota ta ci gaba da tafiya ba tsayawa. Yanayin SAND yana barin tayoyi su ɗan yi juyi ba tare da an yanke wuta ba, yana kuma riƙe ƙaramar giya. MUD ma kusan haka yake, yana barin taya ta juya ta watsar da lakar da ta cika mata zane. Kamfanin Land Rover ya fito da irin wannan abin murɗawa na zaɓen ƙasa a motarsa Discovery 3 a shekarar 2004, yanzu kamfanoni da yawa suna da nasu. Idan motarka ba ta da SAND ko MUD, kashe na'urar hana zamewa kafin ka shiga, ka kunna ta da zarar ka fito.

Idan yashin yana da zurfi da tsawo, rage iskar taya. Wadda take da awo 32 akan sauke ta zuwa wajen 20, ta baje ta hau kan yashin. Amma da irin wannan iskar ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, don taya tana iya fita daga kan ƙarfenta. Kana hawa kwalta ka mayar da iskar.

Idan ka ji mota ta tsaya tayoyi suna ta juyawa, ɗauke ƙafarka daga totur nan take. Duk ƙarin wutar da ka ba ta, rami take ƙara haƙa wa kanta har cikinta ya zauna a ƙasa. Sa ribas, ka koma baya a hankali a kan sawunka.

2H, 4H da 4L

A 2H tayoyi biyu ne suke jan mota, yawanci na baya. Shi ne na kwalta. A 4H duka huɗun suna ja, na turɓaya ne da laka da yashi. Motoci da yawa suna yarda a shiga 4H ana cikin tafiya, amma kowace da iyakar gudunta a littafinta. 4L na ja ne da ƙarfi a hankali, a hawa mai tsauri ko kan duwatsu. Kafin ka shige shi sai ka tsayar da mota cak, ka sa giya a N, wato inda babu giyar da take ja.

Kada ka yi tafiya da 4H ko 4L a busasshiyar kwalta idan motar irin wadda ake sa wa fowil, wato jan tayoyi huɗu, a cire ce. A kwana, tayoyin gaba suna cin nisa fiye da na baya, fowil kuwa ya ɗaure su su juya tare. A kan ƙasa taya takan ɗan zame, abin ya warware. A kwalta ba ta zamewa, sai ƙarafan ciki su ɗauki wahalar. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, mota tana tirjewa, ƙarshenta wani abu ya karye.

Gangara

A doguwar gangara, sa giya a L ko 2, inji ya riƙe motar. Idan ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Kada ka taɓa sa N don tsimin mai.

Aikin yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin darasi na gaba, shiga mota tana tsaye, giya a P, birkin hannu a ja. Tayar da inji. Nemo maɓallan, ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowanne da babbar murya, ka kwafe shi a littafinka. Danna ECO, sannan SPORT, ka ga fitilar da take kamawa a allo. A gaban kowace kalma rubuta irin hanyar da ta dace da ita. Wanda ba ka gane ba, zana hotonsa ka kawo aji mu duba tare.