Yadda ake haɗa ƙaramar Plymouth Road Runner ta 1969 daga kwalaye daban-daban

A cikin kwalayen sassan ƙananan motocin roba da mutum ke saya ya haɗa da kansa, babu kwalin da ke zuwa da komai daidai. Wani bodinsa ya fito da kamannin motar sak amma ƙarƙashinsa faranti ne kawai, wani kuma shasinsa cike yake da sassa amma bodin na wata shekara ne. Shi ya sa masu ƙera ƙananan motocin roba suke ɗebo nan su ɗebo can su tayar da mota guda. Misalin da za mu bi shi ne Road Runner ta 1969 mai injin 426 Hemi, ɗaya daga cikin motocin ƙarfi da Amurka ta yi tashe da su daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, wadda mujallar Motor Trend ta zaɓa gwarzuwar mota ta wannan shekara.

Za a ɗauki bodi, gilashi, bamba da kujeru daga tsohon kwalin kamfanin Jo-Han na Road Runner ta 1969. Shasi, aksil, sifirin da salansa kuma daga kwalin AMT na Road Runner ta 1968, wanda sassan ƙarƙashinsa a rarrabe suke. Shi ma yana da Hemi a ciki. Kwali na uku, Dodge Charger ta 1968 ta Revell, ba dole ba ne, sai ga mai son aro ƙananan kayan ɗakin inji. Dalilin da ya sa waɗannan suke jituwa shi ne dangi ɗaya ne: Road Runner, GTX, Coronet da Charger na 1968 zuwa 1970 duk a kan ginin da Chrysler ke kira B suke, gaba sandar murɗawa, baya sifirin ganye.

Awo kafin yanka

Fara da duba sikelin da aka rubuta a kwali, wato sau nawa aka rage girman motar ta gaske. Jo-Han, AMT da MPC 1/25 suke yi, tsofaffin kwalayen Monogram kuwa 1/24. Bambancin kashi 4 ne cikin ɗari, kamar ba komai ba, amma lissafa ka gani. Tazarar aksil ɗin gaba da na baya a Plymouth ta gaske inci 116 ce. A 1/25 ta zama milimita 117.9, a 1/24 kuma 122.8. Milimita biyar ke nan, kuma ido yana kama rabin milimita a bakin taya. Inji ko kafireta na 1/24 kan iya sajewa a ɓoye ƙarƙashin bonet, shasi ba zai taɓa sajewa ba. Ko a cikin 1/25 ɗin akwai tarko: Charger da Coronet inci 117 ne, don haka wanda ya ɗauki shasin Revell sai ya rage masa milimita ɗaya.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙar sassaƙa mai tsini, ƙaramin zarto mai laushin haƙori, magagari, rula ta ƙarfe ko kalifa (ma'aunin kauri), samfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, ƙaramin abin huji na hannu da allurai masu kaurin milimita 0.4 da 0.5, fallen robar Evergreen mai kaurin milimita 0.5 da 1. Gam iri uku ne, kowanne da wurinsa. Tamiya Extra Thin na roba da roba ne, narkar da fuskokin biyu yake su zama ɗaya. Sufagulu na ƙarfe ne da waya. Farin gam na katako shi ne na gilashi da na gwaji.

Wanke bodin da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe da kansa. Ajiye shi a kan gilashin tebur. Idan kusurwa ɗaya ta ɗaga, ya murɗe ne saboda daɗewa a kwali. Tsoma shi cikin ruwa mai zafin da bai kai tafasa ba, wajen digiri 65 a ma'aunin Celsius, na daƙiƙa 20 zuwa 30, murɗo shi a hankali, ka riƙe shi a haka cikin ruwan sanyi. Gara a maimaita sau uku da a ƙara zafi, domin siraran ginshiƙan rufi su ne farkon lanƙwashewa, kuma tsohuwar roba tana saurin karyewa.

Shigar da shasi cikin bodi

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata a ɓata rabin lokacin. Kada ka taɓa gam mai narkarwa tukuna. Ɗaura aksil na baya da sifirin da ƙafafun gaba da ɗigon farin gam, sa tayoyi, manna gilashi da tef na takarda, sa kwamin kujeru (sashen cikin mota da kujeru da dashbod ke zama a kai), sannan ka zura shasin. Da wuya ya zauna a karon farko, kuma abin da ya tokare shi ba ya wuce uku.

Na farko ginshiƙan sukurori da ke cikin tsohon bodin, gaba da baya. A datse su a goge. Na biyu bangon ɗakin inji: kowane kwali yana da nasa, biyu kuma ba sa zama wuri guda. Zaɓi na kwalin da ka ɗauki shasinsa, tunda shi ya dace da inji da lagireto. Wajen cire ɗayan, yi amfani da bayan wuƙa, ba kaifinta ba, ka riƙa jan layi ɗaya a hankali sau 20 ko 30 har ya rabu. Kaifi yana zamewa ya tsaga fenda. Na uku, wanda ya fi ruɗa mutane, gilashi ne. Gilasan tsofaffin kwalaye suna da kauri, gindinsu yana danne dashbod, dashbod ya danne kwami, kwami ya turo shasi ƙasa, sai motar ta tsaya tsirit kamar mai ɗage. Mai gaggawa sai ya kama rage sifirin, alhali matsalar a sama take. Domin gano wurin, shafa bakin fensir a gefen da kake zargi ka haɗa ka buɗe, inda baƙin ya koma nan ne ake gogayya. Gilashi da zarto ake rage shi bayan an rufe fuskarsa da tef. Almakashi tsaga shi yake.

Da shasin ya zauna, durƙusa ka kalli motar daga gefe, idonka daidai da tebur. Kowace taya ta tsaya a tsakiyar bakinta. Idan na baya sun ja baya kaɗan, sau da yawa matsar da aksil a kan sifirin ya isa: kankare ƙullin da ke riƙe shi, matsar, ka daidaita tsawon farfela. Idan kuwa sai an rage shasi, a yanka shi a miƙe a ƙarƙashin kujerar baya inda faranti yake shimfiɗe. A tuna zarton kansa yana cin kusan sulusin milimita. A haɗa a kan gilashi, a ɗora masa majanyi na fallen roba 0.5 ta ciki, a danne da nauyi a bar shi awa 24. Wanda ya ci gaba da aiki bayan awa biyu zai tarar da haɗin ya karkace washegari, domin narkakkiyar roba tana ci gaba da motsi.

Wannan motar daga masana'anta kusan a daidaice take tsayawa, bayanta bai ɗaga sosai ba. Hemi ta zo da rim na ƙarfe inci 15. Tayoyin kwali na roba mai laushi suna da wani mai da ke cin rim a hankali cikin shekaru, don haka a fente gefen rim ko a naɗe shi da foyil kafin a sa taya. A goge fuskar tayar da samfefa 400 ta yi kamar ta taka kwalta.

Inji

Haɗa buloki da giyabos da farin gam ka gwada shi tun kafin fenti, da lagireto da fanka da murfin iska a kai, ka rufe bonet. Idan bai rufu ba, rage ƙafafun inji da rabin milimita, ko ka goge ƙarƙashin kafireta inda ba a gani. Kada a rage saman murfin iska.

Hemi na titi, wanda aka sayar daga 1966 zuwa 1971 da ƙarfin doki 425, kafireta biyu gare shi na Carter, ɗaya a bayan ɗaya. Launinsa ruwan lemo ne da ake kira Hemi Orange, murafan kai baƙaƙe marasa sheƙi. Distiributa a gaba take, ta karkata ɓangaren fasinja, wayoyin fulogi kuma ta tsakiyar murfin kai suke shiga, huɗu kowane gefe. Idan ka aro sassa daga ƙaramin inji irin 340, distiributarsa a baya take, kuma duk masanin motocin Chrysler zai gane da kallo ɗaya. Wayar fulogi ta gaske milimita 7 ce, wato kusan 0.3 a wannan sikeli, don haka nemi waya mafi siranta ka huda da allura 0.4. Silinda 1, 3, 5, 7 suna ɓangaren direba, tsarin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2, yana zagayawa saɓanin hannun agogo. A bar wayoyin su kwanta da nauyinsu, kada su yi tsalle sama kamar ƙafar gizo. Idan giyar hannu mai huɗu ka zaɓa, aksil ɗin baya Dana 60 ne, kuma ka tabbata akwai feda uku a ciki.

Duk inda gam zai taɓa a kankare fenti da azurfar da aka shafa wa sassa masu ƙyalli irin bamba, domin gam ba ya kama su. Mai son cire azurfar gaba ɗaya ya jiƙa sashen cikin ruwan bilic har ta wanke.

Fenti da haɗawar ƙarshe

Manyan gibi da fallen roba ake cike su, foti, wato kwaɓin cike ramuka, na ƙananan ramuka ne kawai, don yana motsewa idan ya bushe, layin haɗi ya sake bayyana bayan an gama fenti. Kula da fitilun gefe: na 1968 zagayayyu ne, na 1969 masu kusurwa huɗu.

Goge bodi da 600 sannan 1000, fesa firaima sau biyu. Kwalaye daban suna nufin roba mai launi daban, kuma in ba a sa firaima ba, bonet da bodi ba za su fito launi ɗaya ba. Fentin motar gaske mai tina mai ƙarfi yana cin roba ta yi ƙuraje, sai a gwada shi a kan sandunan da aka ciro sassa. Ana iya ɗora fentin mai a kan laka, wato fenti mai saurin bushewa, amma ɗora laka a kan fentin mai yamutsa shi yake. Ɗumama gwangwanin a ruwan ɗumi, tsaya a tazarar santimita 20 zuwa 25, yi feshi biyu marasa nauyi da minti 15 a tsakani, sannan biyu masu jiƙa. A fesa bodi da bonet tare, musamman launi mai ƙyalli irin shuɗin B5. A yi a waje ko gaban taga, da takunkumi. Ranar hazo ƙura za ta zauna a kai, ranar damina mai laima fentin zai yi fari-fari, don haka a kife masa roba mai tsabta da zarar an gama, kuma kada a shanya shi a rana.

Abin da mutane da yawa ke kuskurewa: ɗakin injin motocin Chrysler na wannan zamani launin bodi ne, ba baƙi ba kamar na Chevrolet. Ƙarƙashi kuma firaima ce ruwan toka, da burbushin launin bodi da ya fantsamo daga gefuna.

Laka na buƙatar mako guda kafin a goge shi da 2000 a bi da man sheƙi, fentin mai kuwa mako biyu ko fiye. Bayan nan a naɗe gefunan taga da Bare-Metal Foil, wato siririn foyil mai gam a bayansa, a yanke shi da sabuwar wuƙa, nauyin wuƙar kaɗai ya isa. Gilashi da farin gam ake sa shi, hayaƙin sufagulu yana bar masa farin tabo. Zura shasin ta baya tukuna, ka ɗan buɗa gefunan bodi da yatsa gaba ya faɗa. Tayoyi su ne na ƙarshe: ɗora motar a kan gilashi, tallafe shasin da katunan takarda har tsayinsa ya yi yadda ka auna a gwaji, sa gam mai jinkirin kamawa, ka jingina littafi a kowane gefe don tayoyin su tsaya a miƙe, ka bar ta a haka har gari ya waye.