Kurakuran da aka fi yi wajen gane ƙananan tsuntsayen dawa masu rera waƙa

Mafi yawan masu fara nazarin tsuntsaye a dazuzzukan Arewa sukan dogara da launi kaɗai, kuma daga nan ruɗani yake farawa. Zalaidu ya isa misali. Da damina namijin baƙi da fari ne, ga jan baki, ga wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo nesa ba kusa ba, yana rausaya a iska bisa kan mata. Amma da kaka ta wuce sai ya zubar da wutsiyar, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar macen, har wanda ya san shi a watan Agusta ya gan shi a Janairu ya rantse wani tsuntsu ne dabam. Haka marai yake, domin rawayar nan mai haske da baƙin kai kayan lokacin sheƙa ne. Maganin wannan shi ne mutum ya rubuta abin da ba ya sauyawa tun kafin ya nemi suna: girman tsuntsun idan aka gwada shi da gwara ko kurciya, siffar bakinsa, ko tsalle yake yi a ƙasa ko taku, irin wurin da aka same shi, da watan da ake ciki.

Wanda ya gane cewa ido na yaudara yakan koma ya miƙa wuya ga kunne, sai dai kunnen ma yana da nasa tarkon. A dajin Amurum da ke kusa da ƙauyen Laminga, gabas da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis ta Jami'ar Jos take, akwai wani ɗan jan tsuntsu mai zama a tsakanin duwatsu wanda masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998. Wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, ɗan'uwan zalaidu, ba ya gina sheƙa; macensa takan saka ƙwai a sheƙar jan tsuntsun, ɗanta ya tashi a gidan riƙo, ya koyi waƙar masu gida, ya girma yana rera ta. Saboda haka mai saurare daga nesa zai iya cewa ya ji jan tsuntsun alhali baƙin ne a kan reshe. Abin sha'awa kuma, 'yan'uwan wannan baƙin tsuntsu sun yi kama da juna ƙwarai, har waƙar aron ce hanya mafi inganci ta bambanta su. Don haka kada a rubuta suna sai an haɗa murya da gani, kuma lokacin da ya fi dacewa da hakan shi ne daga asuba zuwa hantsi.

Kuskuren da ya fi jawo wa tsuntsaye ɓarna shi ne ɗaukar kowane ƙarami a matsayin ɓarawon gero. Gaskiya ne jan-baki kan afka wa gonakin gero da dawa da shinkafa a Borno da Yobe da Jigawa, kuma manomin da ya yini yana kora ba zai saurari wani dogon bayani ba. Amma baki shi ne shaidar abinci. Gajere mai kauri na fasa tsaba ne. Siriri mai tsini na tsintar ƙwari ne. Na suda mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe na kama fara da tsutsa ne, ba ruwanta da zangarniya. Hatta marai, wanda ake zargi da gaskiya, da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa a sheƙa, a daidai lokacin da tsutsa ke cin amfanin gona.

Sha-kauci ma yakan ɗauki laifin da ba nasa ba. Da yake ana yawan ganinsa a jikin kaucin da ke kama kaɗanya da ɗorawa, wasu na zaton shi ne ke shuka shi. Abin da yake yi shi ne ya sa siririn bakinsa mai lanƙwasa ya taɓa furen da bai buɗe ba, furen ya fashe ya watsa masa gari a ka, shi kuma ya kai garin wani furen yayin neman zaƙi. Mai yaɗa irin kaucin wani ne dabam, ɗan ƙaramin tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda kukansa ke kama da maƙeri yana bugun ƙarfe ba hutawa: yakan haɗiye 'ya'yan kaucin, ya tofo ƙwayar mai danƙo, ya goge ta a reshe, a nan ta tsiro.

Ba kowane tsuntsun da aka gani a kurmi ne ɗan gida ba. Daga Satumba zuwa Oktoba ƙananan masu cin ƙwari kan ƙetaro Sahara daga Turai, su yi rani a nan, su koma wajen Maris da Afrilu, kuma yawancinsu ba su da launi mai ɗaukar ido. Rubuta kwanan wata kan raba gardama.

Sai batun mazauni. Mutane kan ɗauka cewa muddin manyan itatuwa na tsaye, daji na nan lafiya, sai a sassabe sarƙaƙiyar ƙasa, a sare busassun rassa don girki, a cinna wa ciyawa wuta. Amma sarƙaƙiyar bakin rafi ita ce gidan yawancin masu daɗin murya, busasshen reshe ne ɗan maƙerin nan ke huda ya yi sheƙa, tsabar ciyawar da aka ƙone kuwa ita ce abincin ranin zalaidu da kanari. Wanda ke son ƙidaya tsuntsayen wuri, ya duba kurmi da fako da gindin duwatsu dabam-dabam, domin kowanne da nasa mazauna, kuma ya guji kunna kukan tsuntsu a waya don ya jawo shi a lokacin sheƙa, saboda namijin kan bar ƙwai da 'ya'ya ya fito neman abokin gabar da babu shi.