Yadda na tsayar da yoyon soron gidan gona

Gidan gonarmu da ke wajen Tahoua, inda muke zuwa hutawa, ginin ƙasa ne, kuma tun ruwan farko na watan Yuni soron ya fara yoyo ta gabas, inda hadari ya fi bugawa. Da na hau, na tarar ganye da ƙasa sun toshe indararo, ruwa ya kwanta har ya ratsa yaɓe. Na sauya indararon da dogo na kwano, domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Magini ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bari ta tsima, ya sake yaɓe da ɗan gangare, sannan ya shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Siminti kam na ƙi shi, domin ɓarewa yake yi a jikin ƙasa. Ruwan Agusta bai shiga ɗakin ba.