Yadda na gyara ƙ ɗin da ta ƙi fitowa a banar talla

Wata hajiya mai fura a Samaru ce ta ce in haɗa mata banar talla, tana son rubutu mai kauri, zagaye-zagaye ba tsini, wanda ko ɗan acaɓa a guje zai karanta. Na samu font (salon haruffa) mai kyau wallahi, amma ina rubuta "ƙanƙara" sai ƙ ɗin ta fito siririya ita kaɗai, ashe babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki, CorelDraw, manhajar da nake zane da ita, ke arowa daga wani font ɗin. Kawai sai na rubuta k da f, na danna Ctrl+Q suka koma zane, na yanko kan f ɗin na ɗora wa k. Kauri ɗaya cif. Haka na yi wa ɗ da ɓ, hajiya ko lura ba ta yi ba.